Kafaɗar Mama Serah

Tun kafin a shimfiɗa titin filin jirgi Serah take ginin tukwane a wani ƙauyen Gbagyi da ke can bayan Kuchigoro. Uwarta ce ta koya mata. Ba ta juya tukunya, ita ce take zagaya ta, a sunkuye, da baya da baya, har bakin ya haɗu. Yumɓun kuwa daga rami ɗaya matan ƙauyen suke haƙowa, a gefen rafi, su ɗauko a kafaɗa. 'Yar Gbagyi ba ta ɗora kaya a ka. A wurinsu kai na tunani ne, aikinsa ya ishe shi.

Shekarar da masu awon fili suka fara kafa duwatsu kusa da rafin, matan suka shirya zuwa su zauna a bakin ramin, su ƙi tashi. Ana cikin haka sai ga Nabilah, ma'aikaciya a wata hukumar raya al'adu, da farar mota da mai ɗaukar hoto. Yarinya ce mai ladabi. Ta cire takalmi, ta zauna a kan turmi, ta ci dafaffiyar doya da hannu.

"Mama," in ji ta, "akwai dokar duniya da ƙasarmu ta sa wa hannu. Kowace al'umma tana da haƙƙin riƙe al'adarta. In muka rubuta aikinku muka nuna wa manya, ba mai taɓa ramin nan."

"Ko mai kuɗi?"

"Ko waye, Mama."

Serah ta yarda. Ita ta bi matan gida gida ta ce su dakata, Nabilah kamar 'yarta ce, ta san hanyar ofis. Saboda girmanta suka dakata. Sau huɗu Nabilah tana zuwa, aka nuna mata komai, har yadda ake ɗanɗana yumɓu a harshe a gane mai kyau. Da za ta tafi, Serah ta ba ta tulun da ya fi kowanne, mai zanen ƙadangare a wuya.

Bayan wata uku aka yi babban taro kan haƙƙin al'adu a wani otal a tsakiyar gari. Aka aiko mota. Serah ta ɗaura baƙin zanenta na saƙi, ta sauka a ƙofa, sai ta tsaya.

An rataye wani ƙaton hoto, tsawonsa ya kai mutum biyu. Wata budurwa ce da ba ta taɓa gani ba, cikin shigar Gbagyi, tana murmushi. Ga tulu mai ƙadangare. An yi masa gammo an ɗora mata a tsakiyar ka.

Ta daɗe tana kallo kafin Nabilah ta fito da sauri, da waya a kunne.

Serah ta nuna hoton, ta ce da Hausarta ta 'yar Gbagyi, "'Yata, wannan ba namu ba ne. Mu ba ya ɗauka a kai."

"Haba Mama, hoto ne kawai! Oga ya ce a ka ya fi fitowa. An ma riga an buga."

"To, maganar rami fa?"

Nabilah ta gyara mayafi. "Ai fili ba ofishinmu ba ne, Mama. Mu al'ada muke kula da ita. Amma na sa a rahoto. Zo ki zauna, an fara."

Serah ta zauna a layin gaba. Aka yi ta jawabi da Turanci, ta ji an ambaci sunanta sau biyu, aka ce ta miƙe, aka tafa. Aka ba ta shinkafa a roba da takardar yabo.

Kafin damina ta sauka an kewaye rafin da kwano. Mai gadin wurin, wani Kingsley, ba mugu ba ne. Da Serah ta je, ya ce mata gidaje za a gina, ya kuma roƙe ta kada ta sa a kore shi.  Matan ƙauyen suna gaishe ta har yau. Sai dai ba su ƙara zama a inuwar ƙofarta ba.

Yumɓun da ya rage mata ya yi tukwane shida.

Yanzu a kasuwar Gudu ake samunta, tana sayar da bokitan roba. Daga inda mota ke sauke ta har rumfa, a kafaɗa take ɗauka, yara na nuna ta. Kwanan baya Nabilah ta kira ta, an ƙara mata girma, za su yi baƙi daga ƙasashen waje, tana son tuluna ashirin irin na da.

Serah ta saurara har ta gama. Ta tambayi lafiyar gida, ta tambayi aiki. Sannan ta ce, a hankali, "Ki tambayi yarinyar cikin hoton, 'yata. Ita ya san inda yumɓu yake."