Hoton Bangon da Na Yi wa Kuɗin Gona

Ni dillali ne a kasuwar Gwarzo kafin in lalace. Idan aka yi rasuwa, mu ake kira mu yi wa kayan mamaci kuɗi kafin a raba gado, abin da muka faɗa kuma shi ke zama. Da rayuwa ta yi tsada, na fara karya darajar akwati ko darduma don in saye da araha. Ba wanda ya gane, sai na saba.

Ina da amini, Garba mutumin Kabo, tare muka yi makarantar allo. Shi komai ya taɓa sai ya yi albarka. Ya sayi babur ina tafiya a ƙasa, ya yi rufin kwano ɗakina yana yoyo. Bai taɓa yi mini laifi ba, amma ko dariyarsa na ji sai raina ya ɓaci.

Da mahaifinsa ya rasu, shi da kansa ya ce a kira ni. A cikin kayan akwai wani hoton bango, ruwa yana gangarowa daga korayen duwatsu, tsarabar tsohon daga Makka. Na san inji ke buga irinsa, dami-dami ake sauke su a Kano. Na juya shi, na shafa katakon jikinsa, na ce:

"Garba, wannan zanen hannu ne. Ya fi fadamar nan taku kuɗi."

"Ka tabbata, mutumina?"

"Haba, ni zan cuce ka?"

Ya ɗauki hoton a rabonsa, ya bar wa 'yan'uwansa fadamar. Suka sayar, har na ci la'ada. Ranar daɗi na ji, kuma wannan ya fi komai ba ni kunya.

Da ya kai hoton Kano don ya sayar, ya tarar da irinsa jere a shago ɗaya. Daga nan aka kai ni ƙara. Lokacin an fara shari'ar Musulunci, alƙali bai ɓata lokaci ba, ya ɗaure ni shekara biyu kan zamba cikin aminci.

Da na fito na tuba, na tafi neman gafara. Na same shi a fadamar ubansa, haya yake nomanta a hannun wanda ya saya.

Ya ce, "Na yafe maka. Amma da ka ce mini kana son fadamar, da na tsaga maka rabi."

Samari, ranar da kuka ji alherin ɗan'uwanku yana ƙona muku zuciya, ku nemi tsarin Allah tun a ranar. Ni na ga Garba ya rasa gonar kamar yadda na so, har yau kuma na kasa haɗa ido da shi.