Malam Abdulsalami, Maƙerin Ƙafafu na Birnin Kudu

Da sassafe Malam Abdulsalami Dogara yake jingine kekensa a gindin darbejiya, ya buɗe wani ɗaki mai rufin kwano a bayan asibiti. Kafin ya gama shara masu jira sun hau benci, wasu da sanduna, wasu an sauko da su daga kan jaki. Ba ya taɓa ɗaukar awon mutum sai ya tambaye shi sana'arsa. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma yawancin mutanen Birnin Kudu ba su san abin da ake yi a ɗakin nan ba. Ƙafafun roba ake ƙerawa.

Ɗan maƙera ne daga Fagam, ƙasar Gwaram. Bayan samun 'yancin kai ya yi makarantar koyon sana'a, daga nan jami'a ta ɗauke shi a sashen injiniya, yana haɗa wa malamai na'urorin da suka zana. A can ya haɗu da Injiniya Badaru Shehu. Da yaƙin basasa ya ƙare, sojoji da yawa sun dawo gida babu ƙafa. An ba su ƙafafun da aka sayo daga Turai, masu takalmi a manne, idon sawunsu a sandare. Mai ita ba ya iya tsugunawa ya yi alwala, ba ya iya zaman tahiya, ba ya iya shiga gona. Injiniya Badaru ya sa kansa binciken ƙafar da za ta lanƙwasu. Shi ke zane da lissafi, Malam Abdulsalami ke sassaƙa da ƙira.

Wanda aka fara sa wa ita Ɗan'azumi ne, tsohon soja, manomi a Surko, wanda ya daɗe da rataye tasa ta Turai a jikin rumbu. Ƙafar da suka ƙera ta yi masa kyau duk rani. Da damina ta sauka, ƙarfen idon sawun ya yi tsatsa, ya karye yana tsakiyar huɗa. Ya faɗa kan garma, dungun ya tsage. Likita ya ce idan ciwon ya ruɓe, sai an sake yankewa a saman gwiwa.

Matarsa Kubra ce ta ba ni labarin ranar da Malam Abdulsalami ya zo dubiya. A zaure ta tare shi.

"Malam, kun mai da mijina abin gwaji. Ga gero a gona babu mai nomewa."

"Gaskiya kika faɗa," in ji shi. "Ba mu gwada ta a cikin laka ba, kuma ya kamata mu gwada. Ina fartanyarsa take?"

Kubra ta ce ta ɗauka maganar baki ce. Amma duk ƙarshen mako na wannan daminar sai ga shi a motar haya, ya yi noma a gonar Ɗan'azumi, ya kai shi asibiti wankin ciwo, ya koma. Ranar da ya tafi da karyayyar ƙafar, har da buhun lakar fadamar Surko ya ɗora a mota. A jami'a suka cika kwami da lakar, suka haɗa injin da ke lanƙwasa ƙafa yana miƙewa a cikinta ba tsayawa. Samfuri bayan samfuri yana karyewa, har suka bar ƙarfe gaba ɗaya, suka koma jera roba irin ta tayar mota.

Ciwon ya warke ba a sake yanka ba. Da aka kawo sabuwar ƙafar, Ɗan'azumi ya ƙi ko kallonta. Malam Abdulsalami bai roƙe shi ba, ya jingine ta a bango ya ce zai dawo. Sai bayan girbi Kubra ta leƙo ta tarar da mijinta a tsugune a bakin ƙofa yana alwala da ita. Da ita ya ci gaba da noma har ƙarfinsa ya ƙare.

Lokacin ne arzikin man fetur ya buɗe, kamfanoni suna ta kwashe duk wanda ya iya na'ura. Abokan aikin Malam Abdulsalami suka nufi Legas da Fatakwal. Injiniya Badaru ya zama farfesa, kuma har gobe yana faɗin cewa rabin aikin ba nasa ba ne. Shi kuwa Malam Abdulsalami ya nemi a turo shi asibitin Birnin Kudu. Dalilinsa shi ne ƙafa tana cinyewa, dungu yana ramewa, yaro yana girma ta yi masa kaɗan, kuma manomi ba zai bar gonarsa ya je jami'a neman gyara ba.

Malam, kai ne ka sauke binciken nan daga kan takarda ka kai shi gona. Kai ne ka tsayar da Barira ta Wurno a gaban turminta bayan saran maciji ya ci mata ƙafa. Ɗan maƙeran Fagam, ba ka taɓa ce wa mutum ya yi haƙuri da ƙafar da ke cin sa ba, sai dai ka ce ya ciro ta a gyara.

Har yanzu ba a sami wanda zai gaje shi a ɗakin ba. Na tambaye shi yadda masu zuwa gyara za su yi.

"A gaya musu gidana yana bayan kasuwa," ya ce. "Kayan aikin da na gada a wurin mahaifina suna nan."

Mun gode, Malam Abdulsalami. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Ku kuma 'ya'yanmu da ke karatun injiniya, idan kun zo hutu ku bi ta bayan kasuwar nan ku zauna ku koya, tun hannunsa yana iya riƙe zarto.