Bulus Bai Jira Gobe Ba

Na iske Malam Bulus, Kirista mazaunin Gashua, zaune kusa da akwatin gawar ɗansa. Motar ɗana ce ta buge yaron a hanyar Nguru, ɗana kuma yana hannun 'yan sanda.

Ban kammala ta'aziyya ba ya ce, "Alhaji, na yafe. Tashi mu je a sako shi."

Na ce, "Malam, a yi jana'iza tukuna, zuciyarka ta huce."

Ya ce, "Almasihu ya umarce mu da yafiya, bai ce sai mun huce ba. In na jira gobe, ina tsoron ba zan iya ba."

Ya ɗauki hularsa, muka nufi wurin 'yan sanda.

Yau ɗana yana gida, nasa yana kabari. 'Yan'uwa, da wane baki zan gode masa?