Jikarsa Ta Ci, Shi Yana Gyaran Haske

A filin wasan hoki na kan ƙanƙara da ke garin Kajaani, wani dattijo mai jar hula ya manne da gilashin shinge, kyamara a hannu. Da gani jikarsa ce mai lamba tara, don ita kaɗai yake bi. Farin ƙanƙara ya ruɗi kyamarar, hotuna sai fitowa suke kamar toka. In ya ƙara haske, 'yan wasan su narke kamar hayaƙi. Abin haushi, yana sunkuye yana murɗe-murɗe da tsaki, fili ya kaure da ihu.

"Veikko, ɗago mana, sarkin gyara!" in ji tsohuwar da ke gefensa. "Jikarka Kerttu ta ci! Karonta na farko!"

Ya ɗago. Haske ya zauna daidai. Ƙeyar Kerttu kawai ya samu a hoto.