Uwar Hidaya a Bakin Ƙofa

Fauziyya 'yar Ɗambatta ce, daga irin gidajen da har yanzu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari. Haka ta tashi ta ga uwarsu tana yi wa yayanta Habu: ko rijiya ya leƙa, sai dai ta ce, "Wani ya duba yaron can." Saboda haka da ta auri Saje Abdussalam, soja mai aikin ofis, ta haifi Hidaya a barikin Jaji, ba ta ga abin sauyawa ba. Matan bariki su ce mata Maman Hidaya, ta yi kamar da bango ake. Yarinya ta tashi tana ce mata Anti, ita kuma tana ce mata "ke".

Kada wani ya ce ba so ba ne. So kam har ya yi mata yawa, wurin ajiye shi ne ba ta da shi. Tun kafin yaye aka gane Hidaya tana da sikila. Duk ranar da ciwon ya motsa, ƙasusuwa suka ɗauki zugi, Inna, uwar Fauziyya, ce ke tahowa daga Ɗambatta ta goya jikarta, ta gasa mata ƙafafu da ruwan ɗumi. Fauziyya tana kicin tana dama kunu tana hawaye, in an tambaye ta ta ce albasa ce. Kowa da aikinsa, kuma tsarin bai taɓa ba ta kunya ba.

Hidaya na da shekara tara aka tura Saje ofishin hafsan tsaro na jakadancin Najeriya a Alƙahira. Bariki ya ɗauka an yi musu gata, har da masu cewa ai yarinya ta warke ke nan, ƙasar likitoci za ta. Babu wanda ya gaya musu cewa sanyin Masar yana ratsa bango, kuma babu wanda ya tuna cewa ba a ba kaka biza.

Suka kama gida a unguwar Madinat Nasr. A ƙofar da ke kallon tasu akwai Awadiyya, Bahaushiyar Sudan, bazawara, wadda yaƙi ya koro. Turaren wuta take haɗawa, tana yi wa amare lalle. Hausarta rabi Larabci ce, Larabcinta kuwa ko 'yan Masar sai sun ja baya. Ran da ciwon ya fara kayar da Hidaya a ƙasar, Saje yana filin jirgi tarbar baƙin oga. Awadiyya ce ta ji kukan, ta shigo ba sallama, ta saɓa yarinya a kafaɗa, ta tare tasi. Tun daga ranar ita ce bakinsu a asibiti.

Da farko Fauziyya godiya ta yi, har da kai mata tuwo. Amma Awadiyya ba ta san wani abu wai alkunya ba. Ta rungumi yarinya a gaban kowa, ta sumbaci goshinta, "Hidaya habibti, Hidaya raina," sunan nan kamar ita ta raɗa shi. Ba a jima ba Hidaya ta fara ce mata Yumma, yadda 'ya'yan Sudan ke kiran uwa. Fauziyya ta ji kalmar daga kicin, ta tsaya da ludayi a hannu. Kishi ne, ba wani abu ba, kuma ta san shi ne. Inna ta yi duk wannan ba ta ji komai ba, don Inna tata ce. Wannan kuwa maƙwabciya ce da aka haɗu da ita a kan matakala.

Ta kai ƙara wurin maigida yana goge takalmi.

"Saje, matar nan ta cika shiga gidan mutane."

"Wace mata? Awadiyya? Haba Fauziyya. Ni a wurinmu, wanda ya iya gadi shi ake ba gadi. Kin iya Larabci?"

"Ban iya ba."

"To khalas. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Soja ke nan. In dai aiki yana tafiya, bai ga matsala ba.

A tsakiyar sanyi ciwon ya dawo da ƙarfi, wannan karon har ƙirji. Aka ba Hidaya gado. Dokar sashen yara ita ce mutum ɗaya ke zama da mara lafiya. Nas ta fito ta dubi mata biyu: ɗaya tana riƙe da hannun yarinya tana kuka tana kiran sunanta, ɗaya tana tsaye nesa da kula a hannu, fuska a ɗaure. Ko wa aka ba wannan alƙalanci haka zai yanke. Ta ce, "Mama bas," wato uwa kaɗai, ta ja Awadiyya ciki, ta sa tafin hannu a ƙirjin Fauziyya.

Kalma biyu ce za ta raba gardama. Amma Fauziyya ba ta taɓa buɗe baki ta ce "'yata ce" ba, ko da Hausa, balle da Larabci. Bakin ya ƙi. Ƙofa ta rufe, ta zauna a benci tana kallo ta gilashi wata mace tana shafa kan da ita ta yi naƙudarsa. Ta so ta tsani Awadiyya, ta nemi laifinta sama da ƙasa ta rasa, wannan kuma ya fi komai ƙona mata rai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta san wanda ya tsaga bangon.

Washegari da hantsi ta tare Awadiyya a baranda.

"Yaya Awadiyya, Allah ya saka da alheri. Ki je gida ki huta. Yau ni zan zauna."

"Ma'alish, yi haƙuri ƙanwata, in nas ta zo da maganar allura fa?"

"Ki gaya musu ni na haife ta. Sauran na ji da shi."

Awadiyya ta dube ta, ta gane. Ba ta ja ba. Ta shiga ta yi wa nas bayani, nas ta dafe ƙirji tana ba da haƙuri, ita kuma ta ɗauki mayafinta ta tafi.

Hidaya tana kwance, an sa mata ƙarin ruwa, idanu sun yi rawaya. Fauziyya ta wuce kujerar da ke gefe ta zauna a kan gadon. Ta ɗaga kan yarinyar ta ɗora a cinyarta, aikin da baƙo ne a wurinta. Ta sunkuya ta sumbaci goshin yadda ta ga ana yi. Sannan ta tattaro duk ƙarfinta.

"Hidaya," ta ce. "Hidaya 'yata."

Ta zaci yarinya za ta lafe a jikinta. Sai ta ji jikin ya sandare. Hidaya ta ɗago ido ta daɗe tana kallonta. Yarinya ce da ta girma a gadajen asibiti, ta san yadda manya ke canzawa idan likita ya ja su gefe.

"Anti," ta ce a hankali, "me likita ya ce? Mutuwa zan yi?"

"Subhanallahi! Wa ya gaya miki? Sauƙi kike samu."

"To me ya sa?"

Fauziyya ta ƙara riƙe ta. Ta yi ta rantse mata da Allah cewa babu komai. Hidaya ba ta ture ta ba, amma idonta yana kan ƙofa.

"A kira Yumma," ta ce. "Ita za ta gaya mini gaskiya."