Layin Gawayin Safiyanu

Safiyanu ba ya hawa kaya da takalmi. Kullum da safe, a ƙofar siton Alhaji Mamuda da ke Makarfi, sai ya tuɓe silifas ya ajiye a gindin bango kamar mai shiga masallaci. Shekara goma sha tara yana dako a wurin, daga Gubuchi yake zuwa a kan keke.

Siton ba shi da tsani. Kwalayen sabulu da na taliya ake jerawa hawa-hawa har su kusa taɓa kwano, a kansu ake takawa. Da damina kwanon yana yoyo, kuma kwalin da ya sha ruwa ba kullum yake nunawa a ido ba. Tafin ƙafa ne ke ganewa. In Safiyanu ya ji wani ya yi laushi, sai ya ciro gawayi daga aljihu ya ja masa layi, kowa ya san ba a taka nan.

"Baba Safiyanu, kai da kwali kamar ungozoma da mai ciki," in ji Tanko, abokin aikinsa.

"Kai dai rage tuwo, kwalin ma ya huta."

Wata rana ƙusa ta soki wani ɗan dako. Alhaji ya sayo takalman roba, da zuciya ɗaya, ya ce daga yau ba mai shiga sito babu takalmi. Safiyanu ya juya nasa a hannu, ya daɗe yana duban kaurin ƙasan. Ya yi godiya. Bai taɓa yi wa maigida musu ba.

Ranar kasuwa aka wayi gari da ruwa. Ya fara duba kwalayen ɓangaren gabas da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Yana jeri na uku mota ta iso, direba ya matsa da danna oda. Ya mayar da gawayin aljihu, ya hau da takalmin a ƙafa.

Yanzu yana kwance a Gubuchi, tun ranar da kwali ya lotsa da shi ya faɗo ta baya. Matarsa Hajo takan matsa masa ƙafa, shi kuwa sai ya tambaye ta ko ta fara. Da na je gaishe shi, ni da na saba ganinsa a siton, bai yi mini zancen bayansa ba. Ya ce, "Malam, an ƙarasa gabas ɗin?"

Na biya ta siton jiya. Jeri uku ne da layin gawayi, sauran fes suke har sama. Tanko yana can kansu da takalminsa, kwali biyu a kafaɗa, hadari kuma yana haɗowa.