Inda Iya Ta Sa Cinyar Kaza

Gidanmu na Glenwood, can ƙasar Turawa, yana da murhun jin ɗumi a falo, amma mai gidan ya toshe shi tun kafin mu tare. Wutar da muke zagayewa da sanyi wata 'yar hita ce mai jan waya, wadda Baba ya sayo a gwanjo shekarar da ya fara karatun digirinsa na uku. Iya, mahaifiyarsa, ta zo daga Daura don wankan jegon Mama da ta haifi autanmu. Wata uku ta ce za ta yi, ta yi shekara shida. Bayan sallar magariba takan shimfiɗa buzunta kusa da hitar, ta miƙa ƙafa, ni in kwanta a jikinta, Yaya Bashir kuma ya kunna talabijin ya nemo ƙwallon kwando.

Sharaɗinta ɗaya ne, a kashe muryar. Ta ce surutun Turawan nan yana hana ta gani. Haka muke kallo shiru, dogayen mutane suna gudu suna tsalle ba ƙarar takalmi, kamar kifi a ruwa, muryar Iya kaɗai ke tashi.

Ba ta san ƙa'idar wasan ba, ba ta kuma taɓa tambayar wa ke gaba ba. Mahaifinta mai horar da 'yan kokawa ne a ƙauyensu, saboda haka benci take kallo, inda koci yake da yaransa. Kowane koci ta raɗa masa suna. Akwai Mai Ihu, wanda ta ce tsoro ne ya yi masa yawa. Akwai Alhaji Shiru, wanda take so, don idan ya fitar da yaro daga fili yakan dafa kafaɗarsa kafin ya zauna. Manyan 'yan wasa masu albashi ba su dame ta ba, ta ce waɗannan an riga an dafa su an sauke. 'Yan jami'a take bi, da sababbin tashe da ake ta nuna hotonsu. Na tuna wani da garin duka ke zuzutawa. Iya ta ga ya sha ruwa ya ajiye gorar a ƙasa alhali na kusa da shi yana miƙo hannu. Ta ce wannan ba zai yi nisa ba. Yaya ya yi ta dariya. Da shekara ta zagayo ba mu ƙara ganin yaron ba.

Idan aka tafi hutun rabin lokaci, sai ta ce, “To, ga ta nan tafe, ku matso kafin dogayen nan su dawo.”

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wani sarkin kokawa ya tsufa, ya fita neman yaron da zai bar wa sana'a. Ya sauka gidan wata tsohuwa mai jikoki uku. Ta yabi na fari, ta yabi na biyu, da aka zo kan na ukun ta taɓe baki ta ce rago ne, ba abin da ya iya sai ci. Sarkin kokawa ya jira aka kawo tuwo. Ya ga ta raba miya daidai, amma tsokar nama ɗaya da ke cikin tukunyar ta tura ta ƙarƙashin tuwon ragon. Da safe shi ya ɗauka. Aka tambaye shi dalili, ya ce ba a yabon abin da ake tsoron a rasa.

“Ta ƙare,” in ji Iya. “Wanda bai ji ba ya tambayi hita.”

Na ji tatsuniyar nan ya fi sau ashirin. Ina son a riƙe wannan.

Shekarar da na cika sha biyu, Yaya yana ajin ƙarshe na sakandare, yana buga wa makarantarsu ƙwallon kwando, tsawonsa ya kai sai ya sunkuya a ƙofar kicin. Ɗan abin da Baba ke samu a matsayin ɗalibi ba zai kai kowa jami'a ba, kowa a gidan ya sani. Hanya ɗaya ce, wani koci ya ɗauke shi ya yi karatu kyauta. Akwai kuwa wani, dattijo mai furfura daga wata jami'a mai nisan awa biyu a mota, da ya zo kallonsa sau uku. Sai ya aiko cewa zai zo gidanmu ranar Lahadi ya ga iyayen Yaya.

Tun safe Iya ta karɓe kicin. Tuwon shinkafa ta yi da miyar kuka, ta sa aka yanka kaza. Bayan la'asar baƙon ya iso. Ya ga takalmanmu a bakin ƙofa, ya cire nasa ba wanda ya ce masa. Na ga Iya ta gyaɗa kai.

Aka gaisa, sai ya fara yabon Yaya, hannunsa, natsuwarsa, yadda yake ganin fili. Baba ya saurara kaɗan yana kallon yatsun ƙafarsa, sannan ya ce bari ya duba shayi. Yaya ɗan farinsa ne, ko sunansa ba ya faɗa, balle ya zauna ana yabonsa a gabansa. Mama dama ba ta fito ba. Ya rage Iya a kan buzu, Yaya a ƙasa kansa a sunkuye kamar yadda aka koya masa gaban babba, sai ni a tsakiya. Makon nan aka ba ni kyautar iya Turanci a makaranta, ina ji da kaina.

Kocin ya buɗe ɗan littafinsa ya ce in tambayi kakar Yaya wane irin yaro ne a gida, yana da himma kuwa.

Iya ta harari Yaya. Tun yana goye take kiransa mijinta, tana yi masa wasan kaka da jika.

“Wannan ragon mijin nawa? Sai ci sai barci. Tsawo kawai Allah Ya ba shi kamar falwaya.”

Na juya wa kocin da Turanci. Na zaɓi kalmomin da suka fi dacewa, ɗaya bayan ɗaya, ban yar da ko guda ba. Ya tambaya ko yana jin magana. Ta ce kunnen ƙashi gare shi, ai da zai ɗauke mata shi da ta huta. Shi ma na juya. Dariyar da ke ƙasan muryarta ce ban san yadda ake juyawa ba, ban kuma yi tunanin tana cikin aikina ba.

Sai ta jawo kwanuka. A hankali ta ɗauko cinyar kaza ta sa a kwanon Yaya, ta ɗauko ta biyun ta ɗora, idonta a kan baƙon. Shi kuwa rubutu yake yi. Ya ce ya ci abinci a hanya, ya sha ruwa, ya yi godiya sosai, ya sa takalminsa.

Da magariba Iya ta ce magana ta ƙare, mutumin da ya cire takalmi ba a gaya masa ba yana da ido, ya ga abin da ta nuna masa.

Wayar gidan a bangon kicin take. Mako biyu Yaya yana cin abinci a tsaye kusa da ita. Watan Maris ya shigo, garin ya rikice da gasar ƙwallon jami'o'i, har a aji malamai ke turo mana talabijin. Daga baya kocin makarantarsu ya gaya masa an ɗauki wani yaro, wai an ɗan yi shakkar himmarsa, kuma kamar gida ba sa bayansa. Yaya ya faɗa mana yana wanke hannu. Baba ya ce Allah Ya sa haka ya fi alheri. Iya ta ce ashe baƙon nan makaho ne. Ba ta taɓa sanin abin da ya shiga littafin nan ba.

Ni ban yi kuka ba. Na ji kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta, ina taɓawa ba na jin komai. Muka ci gaba da zama gaban hita, dogaye suna gudu shiru, Iya tana raɗa wa mutane suna. Tatsuniyar sarkin kokawa ce kawai ba ta ƙara yi ba, ni ma ban roƙa ba.

Yaya ya yi kwaleji ta shekara biyu, ya kama aiki a wani sito na kujeru da gadaje. Iya ta koma Daura, can ta rasu. Wataƙila ko da na yi shiru ranar nan kocin ba zai ɗauke shi ba, na sha gaya wa kaina haka.

Bara da sanyi Yaya ya ɗauko ni daga jami'a a motarsa, bayanta cike da ƙwallaye, don ranar Asabar yana koya wa yaran unguwa wasa. Muna tsaye a danja na ce masa ni ce na ɓata masa, na faɗi duk abin da na juya wa kocin, kalma kalma, kamar mai karanta takarda.

“Ai ina wurin, Hadiza,” ya ce. “Turancin ma a lokacin na fi ki ji.”

Na tambaye shi me ya hana shi magana.

“Iya na magana da baƙo, in tsoma baki?” Danja ta ba da hannu, ya ja motar. “Cinyoyin dai na cinye su duka biyun. Ba a taɓa yabona irin na ranar nan ba.”

A da ina ɗauka tatsuniyar a kan mai zaɓe take, ya zama mai ido. Ban lura tana magana da wanda aka sa a tsakiya ba. Jimla ɗaya ce ta rage in ƙara daga bakina, in ce wa baƙon ya dubi kwanon.

Har yanzu idan ana wasa nakan kashe muryar. Ba na sanin wa ya ci. Benci nake kallo, in ga ko kocin zai ɗago kai daga littafinsa.